Ƙaramar Mota Ma Tana Son Makaniki

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara da motar gwangwani, waɗanda yara kan ƙera da hannunsu su ja da zare. Yaron da ya ƙera ta shi ne direba, shi ne makaniki. In taya ta fita, sai ya zauna gindin bango ya mayar da ita. To, akwai wata irin ƙaramar mota wadda ba a jan ta da zare, daga nesa ake tuƙa ta da saƙon rediyo, kuma takan shigo gidaje a matsayin tsaraba. Abin takaici shi ne ba a daɗewa sai a same ta a ƙarƙashin gado ta yi ƙura, kuɗi masu yawa sun tafi a banza, alhali kuwa sau da yawa abin da ya kashe ta bai wuce gyaran minti goma ba.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san cewa motocin nan iri biyu ne. Akwai na wasan yara, waɗanda in sun lalace ba su da kayan gyara. Akwai kuma na masu sha'awa, waɗanda ke da giya da shokazoba da boris kamar babbar mota, kowane yanki ana iya kwance shi a sake. A kan waɗannan na biyu ne maganar take. Kamfanin Tamiya na ƙasar Japan ya fitar da motarsa ta farko irin wannan a shekarar 1976, watau kwaikwayon Porsche 934, wadda tsawonta kashi 1 ne cikin 12 na motar gaske. A 1979 aka kafa IFMAR, ƙungiyar da ke shirya gasar duniya ta tseren ƙananan motoci, sa'an nan a 1984 kamfanin Team Associated na Amurka ya fito da RC10, wadda ta yi suna ƙwarai wajen tsere a kan turɓaya. Ashe ke nan sha'ani ne da manya suka daɗe suna kashe wa kuɗi da lokaci.

Babbar cutar sabon shiga ita ce kwaɗayin gudu. A motar da ke aiki da batir, akwai ɗan ƙaramin giya a bakin injin lantarki wanda ke juya babban giya. Idan aka sa ƙaramin giya mai haƙora da yawa, mota za ta ƙara gudu, amma injin zai sha wuya ya ɗauki zafi har ya ƙone. Saboda haka akan ƙara haƙori ɗaya ne ko biyu, a yi tuƙin minti biyar, a taɓa injin. In yatsa ya kasa jure zafinsa na 'yan daƙiƙoƙi, to, an wuce gona da iri, sai a koma baya. Haka kuma dole a bar 'yar tazara tsakanin giyoyin nan biyu. Dabarar masu abin ita ce su cusa 'yar takarda a tsakani, su matse giyoyin, su ɗaure noti, sa'an nan su zare takardar; kaurinta shi ne tazarar da ake so.

Motar da ke shan mai kuwa ta fi wannan son lallashi. Manta haɗi ne na metanol da nitrometan da man shafe inji, domin ɗan injin ba shi da wurin zuba baƙin mai; a cikin abin da yake sha ne yake samun abin da ke shafe ƙarafansa. A jikin kafiretarsa akwai allura da ake murɗawa. In aka matse ta, mai ya ragu, injin ya yi kuka mai daɗi, mota ta yi tsalle. Nan ne tarkon yake, gama duk man da aka rage, an rage man shafawa tare da shi. A babbar mota hayaƙi alamar ciwo ne, amma a wannan ɗan siririn hayaƙi alamar lafiya ne, kuma ranar da ya ɗauke injin yana cin kansa ne. Ba a murɗa allurar fiye da kashi 1 cikin 8 na zagaye a lokaci guda. Bugu da ƙari, iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, don haka ta fi bukatar mai. Allurar da aka daidaita da tsakar rana a watan Afrilu ba za ta wadatar da injin ba da safiyar hunturu, sai an ɗan sassauta ta.

Sai kuma maganar ƙura da laima. Matatar iska ɗan soso ne, tilas a wanke shi, a shanya, a shafa masa mansa kafin a mayar, musamman lokacin hazo, domin ƙwayar yashi in ta shiga inji aikin sasari take yi. Metanol kuma yana jawo ruwa daga iska, saboda haka wanda ke zaune a Ikko ko Fatakwal ya bar mai ya kwana a tanki, tsatsa yake gayyato wa boris. A tsiyaye tanki bayan tuƙi, a ɗiga ɗan mai cikin injin, a share motar da buroshi, a bi kowane noti a ɗaure.

Wurin da haɗari ya wuce na aljihu shi ne batir. A da, batir mai ƙwaya 6 na nikel, mai ƙarfin volt 7.2, shi aka fi amfani da shi. Yanzu na litiyam da ake kira LiPo ya karɓe fage. Kowace ƙwayarsa volt 3.7 ce, in ta cika ta kai 4.2, kuma ba a barin ta ta sauka ƙasa da 3.0. In za a ajiye shi kwanaki, a bar shi a wajen 3.8. Wanda aka cika fiye da kima, ko aka huda, ko ya kumbura, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Al'adar nan ta jona caji a kwanta barci, ana jiran a kawo wuta cikin dare, ba ta dace da shi ba ko kaɗan. Da cajar da aka yi dominsa ake cajinsa, a kan siminti, nesa da katifa da labule, ido yana kai. Wanda ya kumbura kuwa ya gama aiki. Har wa yau, a riƙa kunna akwatin tuƙi kafin motar, a kuma kashe motar kafin akwatin, kada ta tsere ba mai riƙe da ita.

Game da gyaran tafiya, man shokazoba mai kauri yakan rage tangaɗi a fili mai santsi, mai ruwa-ruwa kuma ya fi dacewa da gargada. Ƙa'idar dai ɗaya ce a kowane fanni: a canza abu guda, a gwada, a rubuta a littafi. Wanda ya taɓa giya da allura da shokazoba a rana ɗaya, ko motar ta gyaru bai san abin da ya gyara ta ba, in ta ɓaci kuma bai san inda zai koma ba. Sauri, in ji Hausawa, ya haifi nawa.

Daga ƙarshe, uban da ya saya wa ɗansa irin wannan mota, ya haɗa masa da sukudireba da buroshi da ɗan littafin rubutu, ya kuma zauna tare da shi ranar da za a fara kwance ta. Yaron da ya gane dalilin da ya sa ɗan injin nan ke zafi, ba zai tsaya yana kallon janareto ko babur kamar abin tsafi ba idan ya girma.