Talla Ba Laifi, Taimakon Maƙwabci Ne Abin Kunya?

Duk wanda ya bi titin Katsina da sassafe, ya wuce Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa, kafin ya isa Dawanau zai ga abin da ido ya saba da shi har ya daina lura: ayarin mata da 'yan mata sun nufi kasuwa. Tun da aka kafa kasuwar hatsi ta Dawanau a 1985 ta zama ɗaya daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Manyan motoci na lodin gero da dawa da wake zuwa Nijar da Chadi da Kamaru, riɗi da zoɓo da citta kuwa har ƙetaren teku. To amma kafin buhun riɗi ya hau mota sau da yawa sai ya bi ta hannun mace. Ita za ta shiƙe shi, ta tankaɗe, ta tsince tsakuwa, ƙura na shiga mata hanci tun hantsi har la'asar. A gefenta kuma ga 'yarta, ko tana taya ta, ko tana zagayawa da tiren talla a tsakanin direbobi da 'yan dako da 'yan kamasho.

Ba a cika jin wanda ya ɗaga murya a kan wannan ba. Yayan yarinyar nan, wanda ba ya rasa sahun gaba a masallaci, yana ganin ta fita da bokitin awara ba zai ce uffan ba, domin da cinikin nan ake cefane, wani lokaci ma a cikinsa yake samun na katin waya. Amma ranar da uwar ta ja yarinyar suka tafi jinyar wata tsohuwa da ba ta da kowa, ko suka shiga cikin matan unguwa masu bi gida-gida suna tunatar da zuwa awo da rigakafi, ranar ce kishinsa zai motsa. Sai a ji yana cewa yawon banza ne, zubar da mutuncin gida ne. Wannan awo da mudu biyu ne, kuma mutumin Dawanau ya fi kowa sanin hukuncin mai awo da mudu biyu.

Ɗan'uwa matashi ya sani cewa fitar uwa da 'ya domin hidimar jama'a ba baƙon abu ba ne da aka shigo da shi a motar ƙungiyoyin waje. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan zaɓi mace mai ilimi da riƙon amana ta naɗa ta jaji, ta sa mata malfa da jan rawani, jajin kuma ta riƙa jagorantar ayarin mata daga ƙauyuka zuwa wurinta ɗaukar karatu. Su wa ke cikin ayarin? Dattijan mata da suka gama haihuwa, da 'yan matan da ba a kai su ɗaki ba. Wato dai tsara biyun nan da ake wa gori a yau, su Nana ta zaɓa, domin su ne za su iya barin gida su kai karatu ga matan auren da ba za su iya fita ba. Sukan zo mata da hatsi da zuma da man shanu, ita kuma ta raba wa mabukata. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. Kafin su ma, a ranar Uhudu, Nana A'isha da Ummu Sulaim salkunan ruwa suka riƙa ɗauka suna shayar da masu rauni, Rufaida kuwa tanti gare ta a masallacin Madina inda take jinya. Wa zai ce ya fi waɗannan kunya?

Hikimar haɗa uwa da 'ya a fili take ga wanda ya san zaman ƙauye. A Kwa, a Tumfafi, a Jalli, a Tattarawa, iyakar namiji baƙo zaure, an ma rubuta masa a ƙofa cewa ba shiga. Abin da ke kashe mutane kuwa can cikin gida yake: mace ta kwana biyu tana naƙuda ana jira, mai jego jini ya ɓalle mata ana cewa zai tsaya, jariri na gudawa ana cewa haƙori ne. Uwa ita ke da shekaru da amana. Ta san wa ya haifi wa, ta san gidan da miji ke da taurin kai da kuma kakar da za a bi ta wurinta a shawo kansa. 'Yar kuwa ita ta yi Islamiyya da boko, ita za ta karanta katin asibiti, ta rubuta ranar komawa, ta kira mai a-daidaita-sahu a waya da tsakar dare, ta auna cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa ba tare da kuskure ba. Ita ma yarinyar ba ta tashi a banza ba. A gefen uwarta za ta ga yadda ake lallashin mai makoki, yadda ake wa mace wankan gawa, wanda farilla ce a kan jama'a amma masu iya shi sai ƙara ƙaranci suke yi. Kuma ina yarinya za ta fi samun tsaro, a bayan mahaifiyarta cikin gidajen maƙwabta, ko ita kaɗai a bakin tirela?

Labarin shan inna ya isa hujja. Mutanen Kano ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara a lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, saboda haka da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar a 2003 har zuwa tsakiyar 2004, zargin yana da inda ya samo tushe. Amana in ta ɓace, takardar Abuja ba ta maido da ita. Matan unguwa ne suka maido da ita, musamman tun daga 2012 da aka soma tsarin masu wayar da kai na sa-kai, suna halartar suna, suna ƙirga jarirai, suna komawa gidan da aka kore su jiya. Sun kuma biya da jini. Ranar Juma'a, 8 ga Fabrairu 2013, 'yan bindiga suka kashe mata tara masu aikin rigakafi a Hotoro da Unguwa Uku. Aikin bai tsaya ba. A watan Yuli 2014 aka ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a jihar Kano, a Sumaila, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa Afirka ta rabu da ita. Annobar mashaƙo da ta ɓarke a ƙarshen 2022, wadda ta fi yi wa Kano illa a kan kowace jiha, ta nuna cewa gidajen da ba a shiga ba suna nan da yawa.

Akwai wani abu kuma da ya fi kusa da samari. Sunan Dawanau a bakin 'yan birni ya zama abin barkwanci saboda asibitin masu taɓin hankali da ke garin. Cikin waɗanda ake kaiwa can akwai matasan da ƙwaya ta lalata. Abokan majalisa da aka sha tare ba sa leƙowa. Wadda ke zuwa da kwanon abinci da wankakkun kaya ita ce uwa, ƙanwa na biye da ita riƙe da leda.

Ba a ce komai daidai yake ba. Yarinyar da za a hana makaranta da sunan taimako an zalunce ta, kamar yadda aka zalunci mai talla. 'Yan siyasar da ke tara matan nan lokacin zaɓe a raba musu atamfa da taliya a ɗau hoto, su ma cin amana suke yi. Fitar dare ba rakiya kuwa ganganci ne. Amma duk waɗannan gyaransu a hannun samari yake, ba hani ne maganinsu ba. Mai babur ya kai su ya dawo da su. Mai ƙarfi ya ɗebo ruwa, ya faskara itacen da za a dafa abincin gidan rasuwa. Wanda Allah ya hore wa sana'a a kasuwa ya ɗauke wa gidansu kuɗin cefanen da ke tura ƙanwarsa talla. Wanda kuma jininsa ya dace ya bayar da sunansa da lambarsa ga ungozomar unguwa, domin ranar da mai haihuwa ta bukaci jini a asibitin Murtala, ba uwa da 'yarta da suka kwana a kanta za a ce su bayar ba.