Wasiƙar Rusairis: Baƙo da Jirgin Ƙarƙashin Ƙasa a Alƙahira



Mutanenmu na Maiwurno da Rusairis da Damazin sun daɗe suna zuwa Alƙahira, wasu neman magani, wasu karatu a Azhar. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, 2023, masu zuwan suka ƙaru, har da tsofaffi da mata da ƙananan yara waɗanda ba su taɓa fita daga jiharsu ba. Kukan da aka fi ji daga gare su shi ne guzuri ya ƙare a kuɗin tasi, tun ba a kai ga sayen maganin da likita ya rubuta ba. Alhali kuwa ga jirgin da Misirawa ke kira metro, yana ratsa birnin tun wajen asuba har bayan tsakar dare, a kan kuɗi kaɗan. Tsoro ne kawai ya hana su hawansa.

An buɗe layinsa na farko a 1987, shi ne kuma irinsa na farko a nahiyar Afirka. Ya tashi daga Halwan a kudu ya nufi Marj a arewa, kuma duk da sunan da muke ba shi, mafi yawan hanyarsa a sarari take, sai a tsakiyar gari yake nutsewa. Na biyu ya haɗa Shubra da Munib, yana bi ta ƙarƙashin Kogin Nilu. Na uku, wanda ya fara aiki a 2012, ya ratsa gari daga gabas zuwa yamma. Da yawa daga cikin taragwan masu sanyaya iska da ke kan layi na ɗaya da na uku kamfanin Hyundai Rotem na Koriya ta Kudu ne ya ƙera su.

Da yake an ambaci Koriya, akwai abin lura a can. A Siyol, babban birninsu, an ba kowace tasha lamba saboda baƙon da bai iya karanta rubutunsu ba. Wanda ke neman babban masallacin birnin, wanda aka buɗe a 1976, ya riƙe layi na shida da lamba 630, ya sauka a Itaewon, ko da kuwa bai san harafi ɗaya na Koriyanci ba. Mu a Alƙahira Allah ya hutasshe mu wannan. An ce baƙo makaho ne, to amma ban da baƙon da ya yi karatun allo a birnin da aka rubuta sunan kowace tasha da manyan haruffan Larabci. Gwaggon da ke cewa ita jahila ce, alhali tana karanta izu biyar da asuba, za ta iya karanta Faisal ko Sadat a jikin bango tun kafin jirgi ya tsaya. A gaya mata haka, domin ita ba ta ɗauka karatunta yana da amfani a wannan wuri ba.

Abin da ke rikita baƙo shi ne allon da ke nuna hanya ba ya ɗauke da sunan tashar da kake nema. Sunan tashar ƙarshe yake ɗauke da shi, bayan kalmar ittijah, wato inda jirgi ya fuskanta. Kakanninmu da suka baro Sakkwato da Kano a ƙafa bayan yaƙin Burmi na 1903 ba su san sunan kowane zango ba, sun dai san gabas suka dosa. Haka nan a nan: ka san ƙarshen layinka, sauran ƙirge ne. Ga misali. Mai zaune a unguwar Faisal, inda 'yan Sudan suka yi yawa, yana son kai mahaifinsa asibitin Ƙasrul Aini. Zai hau layi na biyu mai fuskantar Shubra, ya ƙirga tasha biyar, ya sauka a Sadat, ƙarƙashin dandalin Tahrir. Ba zai fita waje ba. Zai bi allon da ke cewa Halwan, ya hau layi na ɗaya, tasha biyu ya sauka a Sayyida Zainab, daga nan asibitin ba nisa. Tasha bakwai ke nan da tikiti ɗaya.

Tun 2018 ake biyan kuɗi gwargwadon yawan tashoshi. A ƙarin da aka yi a watan Agusta na 2024, tikitin tasha tara ya koma fam 8 na Masar, mafi tsada kuma fam 20. A tambayi farashin ranar a wurin mai sayarwa, a kuma faɗa masa sunan inda za a sauka. Kada a yar da tikiti bayan an shiga, domin da shi ake fita.

Wajen tambaya kuma a kula da lafazi. Bamisire yana mayar da jimun ga, ƙaf kuwa ya haɗiye ta. Marj a bakinsa Marg ce, Alƙahira kuma Ahira. Wanda ya saba da Larabcin Sudan sai ya zaci wani wuri dabam ake faɗa masa. Haka kuma tashar da ke dandalin Ramsis, kusa da babbar tashar jiragen ƙasa, sunanta Shuhada tun 2011. Ɗan'uwan da ya yi karatu a can kafin wannan shekara zai kwatanta maka ita da Mubarak, ka neme ta a allo ka rasa.

Sai maganar iyali, wadda ita ce ta fi damuna. An keɓe wa mata taragu biyu a tsakiyar jirgi, akwai alama a kan dakali inda suke tsayawa, kuma ana cin tarar namijin da ya shiga. Wannan tsari ne mai kyau, musamman da safe da kuma bayan la'asar, lokacin da cunkoso ke kai wa mutum ba ya iya ɗaga hannunsa. Sai dai ba dole aka yi wa mace ba, tana da damar hawa kowane tarago. A ganina, idan da tsohuwa ko amaryar da ba ta san gari ba, gara a jira hantsi, mutane su ragu, a shiga tarago ɗaya gaba ɗaya. Idan kuwa an rabu, to kowa ya riƙe sunan tashar sauka da adadin tashoshi a kansa, kada a dogara ga waya, domin a ƙarƙashin ƙasa takan yanke. Ƙofa ba ta jiran kowa. Tun daga gida a yi yarjejeniya: in ta rufe ta raba ku, na ciki ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya cak inda ya sauka, na waje ya hau jirgi na gaba ta wannan ƙofa da ya tsaya a gabanta. Kada kowa ya koma neman kowa. Yaro kuma a sa masa takarda a aljihu da sunan unguwa da lambar waya.

Ɗaliban Azhar su lura da layi na uku, wanda ke bi ta Abbasiyya. Can yamma, a tashar Kit Kat, ya rabu gida biyu: reshe ɗaya ya tafi Raudul Faraj, ɗaya kuma Jami'ar Alƙahira. Dakali ɗaya ne, jirage biyu, saboda haka a karanta abin da ke rubuce a goshin jirgi kafin a sa ƙafa. Shi kansa masallacin Azhar ba shi da tasha a ƙofarsa. Ana sauka a Ataba, sannan a bi titin Azhar a ƙafa ko a hau ƙaramar bas. In da tsoho a tafiyar, a hau bas ɗin.