Imel ɗin Wucin Gadi Na Da Amfani Wajen Gwada Fom, Amma Bai Isa Shi Kaɗai Ba

Duk wanda ya taɓa gina shafin intanet mai fom ɗin rajista ya san wahalar gwada shi. Fom ɗin ba ya karɓar adireshin imel ɗaya sau biyu, alhali mai ginin na buƙatar yin rajista sau da dama kafin ya gamsu cewa saƙon tabbatarwa na fita, kuma mahaɗin da ke cikinsa na aiki. Buɗe sabon asusun Gmail a kowane zagaye ɓata lokaci ne, ga shi galibi sai an nemi lambar waya.

Shi ya sa da yawa ke garzayawa wajen imel ɗin wucin gadi. Mailinator, wanda ya fara aiki tun 2003, ba ya neman rajista: mutum ya ƙirƙiro kowane suna, akwatin saƙo na nan yana jiransa. Adireshin 10 Minute Mail kuwa minti goma yake yi ya mutu, sai dai in an ƙara masa lokaci. Don duba ko saƙo na fita, waɗannan sun wadatar. Kuskuren shi ne a tsaya nan a ce an gama gwaji.

Matsala ta farko ita ce tsaro. Akwatunan Mailinator na kyauta ba su da kalmar sirri, duk wanda ya rubuta sunan zai karanta abin da ke ciki. Asusun gwaji kuma sau da yawa ana ba shi ikon mai kula da shafi, sannan a manta da shi bayan an ƙaddamar da shafin. Wanda ya canki sunan ba ya buƙatar kutse. Zai latsa wurin sauya kalmar sirri, ya je akwatin da kowa ke iya buɗewa, ya ɗauki mahaɗin, ya shige. Idan kuma aka yi gwajin da bayanan kwastomomi na gaske, kamar rasit mai ɗauke da suna da lambar waya, an baje su a kasuwa ke nan. A Najeriya, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a wuyan wanda ya tattara su.

Ta biyu, isar saƙo akwatin wucin gadi ba shaida ba ce cewa zai isa ga kwastoma. Waɗannan akwatuna kusan komai suke karɓa. Gmail da Yahoo kuwa sai sun tantance, ta hanyar SPF da DKIM, cewa saƙon daga mai shafin ya fito. Tun Fabrairun 2024 Gmail ya wajabta wa masu aika masa saƙo 5,000 ko fiye a rana su haɗa har da DMARC. Ana iya cin gwajin Mailinator sumul, amma saƙon ya riƙa faɗawa akwatin shara na masu rajista, su gaji da jira su tafi, mai shafi bai san dalili ba.

Akwai hanyoyin da suka fi, kuma su ma kyauta ne. A matakin gini, manhajoji irin su Mailpit da MailHog na kama duk saƙon da shafin ya aika a cikin kwamfutar mai ginin, ba tare da ya fita waje ba. A Gmail, ana iya ƙara alamar + da wata kalma, misali +gwaji1, kafin alamar @, saƙon ya dawo akwatin mutum na asali. Wannan ma gwaji ne a kan kansa, domin wasu fom na ƙin karɓar alamar, alhali adireshin ingantacce ne. Idan kuma adireshin cike gurbi kawai ake so, an keɓe example.com domin haka tun 1999.

Kafin a buɗe shafi ga jama'a, ya kamata a yi rajista da asusun gaske a Gmail da Yahoo da Outlook, a buɗe saƙon a waya, sannan a goge duk asusun gwajin da aka yi da adireshin wucin gadi. Aikin bai fi rabin awa ba, kuma ya fi sauƙi a kan ba wa kwastoma haƙuri daga baya.