Ba Kullum Ne Iska Take Busar Da Gida Ba

Tambayi kowane ɗalibi yadda za a yi da ɗakin da ya yi laima, nan take zai ce a buɗe taga iska ta shiga. Haka muka taso muka ji, haka kuma masana gini na ƙasar Amurka suka ɗauka shekara da shekaru, har suka mayar da abin doka. A nawa ra'ayin, kuskuren da suka yi ya cancanci a shigo da shi ajin kimiyya, domin ya fi ƙa'idojin da muke haddacewa bayyana mene ne danshin iska.

A Amurka, musamman jihohin kudu maso gabas, akan gina gidajen katako a bisa gajeren bango, a bar fili tsakanin ƙasa da daɓen gida. Sau da yawa filin bai kai tsayin ƙugun mutum ba, sai da rarrafe ake shigarsa, shi ya sa suke kiransa da sunan da ke nufin wurin rarrafe. Nan ne bututun ruwa da wayoyin lantarki suke bi. Dokar gini ta ce a huda kafofin iska a bangon, ƙafa 1 murabba'i ga kowace ƙafa 150 ta faɗin wurin, don laimar da ke tasowa daga ƙasa ta sami hanyar fita. Niyya mai kyau ce. Amma sai ga fumfuna ta rufe katakai, ga ruɓa, ga gara, ga wari yana hawowa cikin ɗakuna.

To, ina gizo yake saƙa? Iska mai zafi ta fi mai sanyi iya riƙe tururin ruwa. A digiri 30 na ma'aunin Salshiyas, iskar da ta cika akwati mai mita 1 ta kowace fuska tana iya ɗaukar kimanin giram 30 na tururi, a digiri 20 kuwa giram 17 kacal. Mu ɗauka rana ce mai zafin digiri 30, danshin iska kuma kashi 70 cikin 100, wato tana ɗauke da giram 21. Idan ta kutsa ƙarƙashin gida inda katako da bututu suke digiri 20, saboda inuwa da na'urar sanyaya ɗaki da ke aiki a sama, ba za ta iya riƙe giram 4 daga ciki ba, sai ta sauke su a matsayin raɓa. Shi ne abin da muke gani a jikin kwalbar lemo mai sanyi ranar da hadari ya haɗu. Ashe kafar da aka huda don fitar da ruwa ita ce take shigo da shi.

A farkon shekarun 2000 wata cibiya mai suna Advanced Energy ta gwada wannan a gidaje 12 a jihar Karolina ta Arewa. Waɗansu aka bar musu kafofinsu, waɗansu aka toshe, aka shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa har ta hau bango. A lokacin zafi danshin masu kafofi yakan haura kashi 80, alhali waɗanda aka toshe sun zauna a bushe, kuma sun rage shan wuta. Yau dokokin gini na can sun yarda da rufaffen wurin rarrafe, muddin an rufe ƙasa da leda, an kuma tanadi hanyar busar da iskar ciki, alal misali da na'urar tsotse danshi.

Wani zai ce, ai ga rumbu nan, iska tana ratsa ƙarƙashinsa, hatsi kuma yana shekara lafiya. Gaskiya ne, kuma tambaya ce mai kyau. Sai dai ƙarƙashin rumbu a buɗe yake ta kowane gefe, zafinsa kusan ɗaya ne da na waje, saboda haka iska ba ta tarar da wani abu mai sanyi da za ta zuba wa raɓa ba. Babban aikin ma duwatsun da aka ɗora shi a kai ne suke yi, su ne suke raba shi da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kakanninmu ba su san lissafin giram ba, amma sun gane cewa ƙasa ita ce mafarin laima.

A nan ne nake ganin magina na yau sun ja baya. Bulo da kankare da tubali duk suna da ƙananan ramuka da ke jan ruwa sama, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Duba gindin bangon gidaje da yawa a watan Agusta: fenti ya kumbura, shafe yana zubewa, wani farin gishiri ya feso. Maganin ba mai tsada ba ne. Leda ce a shimfiɗa kafin a zuba kankaren daɓe, da wani shimfiɗi mai hana ruwa a kan harsashi kafin bango ya tashi, sannan a karkata ƙasar da ke kewaye da gida yadda ruwan indararo zai gudu nesa da bango. Amma da yake ba abin da ido ke gani ba ne bayan an gama gini, shi ake fara sokewa idan kuɗi suka yi ƙaranci, a sayi tayil mai ƙyalli. Mafi muni shi ne shafe bangon ƙasa mai laima da siminti. Ruwan da dā yake fita ta jikin bango sai ya maƙale a ciki, ƙasar ta yi ta laushi a ɓoye, har ranar da shafen zai ɓanɓaro gaba ɗaya.

Kada a ɗauka maganar ado ce kawai. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan laima da fumfuna a cikin gidaje, inda ta danganta su da tari da shessheƙa da tsanantar ciwon asma. Yaron da ke kwana a tabarma bisa jiƙaƙƙen daɓe shi ya fi kowa kusa da abin.

Ba kuma ina cewa a rufe tagogi ba ne. Da hunturu iskarmu a bushe take ƙamas, buɗe taga yana busar da ɗaki cikin sa'o'i kaɗan, ɗakin girki da banɗaki kuwa kullum suna bukatar mafitar tururi. Abin da nake so ɗalibi ya saba da shi shi ne ya fara tambayar inda ruwan ya fito kafin ya faɗi magani.

Malamai na iya gwada wannan da damina ba tare da sayen komai ba sai salatif. A yanki leda faɗin rabin mita, a manna ta a daɓen aji, a liƙe gefunanta huɗu sosai, a bar ta kwana ɗaya. Idan an sami jiƙa a ƙarƙashinta, ruwan daga ƙasa yake tasowa. Idan a samanta ne, iskar ɗakin ce ta sauke shi. A rubuta sakamakon, a sake gwadawa a wuri guda cikin watan Janairu.