Hoton Shugaba Ba Ya Faɗar Wanda Ya Biya Farashi

Tun 1977 fuskar Janar Murtala Muhammad take kan takardar naira ashirin, tana yawo daga hannun masu shinkafa a Kura zuwa na masu tumatir a Kwanar Gafan. Hoton yana aikin da aka yi shi dominsa. Kakin soja yana nuna iko, ƙuruciyar fuskar kuma tana tuna wa mutane cewa yana ɗan shekara 37 aka harbe shi a Legas, ran 13 ga Fabrairu 1976, bayan mulkin wata shida da ɗoriya. Sai dai irin wannan hoto asarar mai mulki kaɗai yake lissafawa. Ba ya ɗauke da fararen hular da sojojin rundunar Murtala suka kashe a Asaba cikin Oktoban 1967.

Manoman Kadawa da Bunkure suna da misali a bakin gonarsu. Audu Baƙo, kwamishinan 'yan sandan da shugaban ƙasa Gowon ya naɗa gwamnan Kano a 1967, shi ya gina madatsar Tiga, wadda ruwanta ke bin magudanai yana raya alkama da shinkafa da albasa a tsakiyar rani. Juyin mulkin da ya kawo Murtala a Yulin 1975 ne ya sauke shi. Yabonsa ya dace, amma hotonsa da kaki ba ya nuna dubban mutanen da aka tasa daga garuruwansu don ruwa ya samu wurin kwanciya, balle masunta da manoman fadamar Haɗeja da Nguru, waɗanda ambaliyar da suke dogaro da ita ta ragu.

Za a ce ba a tona aibin mamaci, kuma matasa na buƙatar gwarzayen koyi. Babu mai neman a sauke hoton kowa daga bango. Amma aikin hukuma ba sirrin gida ba ne, kuma yaron da aka koya wa cewa kaki shi ne ya kawo ruwa, gobe shi zai tafa wa juyin mulki. A makarantun Kura da Bunkure, a koyar da tarihin Tiga cikakke: wanda ya ba da umarni, da leburorin da suka haƙa, da waɗanda suka rasa gonakin gado. Gwarzon da sunansa ya tsaya bayan an yi wannan lissafi, shi ya cancanci yabo.