Kwamfutar wasa a Madarumfa: lissafi yana farawa ne daga wayar lantarki

Sanin kowa ne cewa wasan kwamfuta ya daina zama abin ƴaƴan manya na Yamai kaɗai. A Madarumfa ma, ma'aikacin da ɗansa ya ci jarrabawar BEPC ko ta bak, abin da yaro kan roƙa a matsayin tukuici shi ne na'urar da zai buga eFootball ko GTA V, shi kuwa ɗan kasuwa yana duban yadda yara ke cincirindo a rumfunan wasa na Maraɗi yana lissafin ko shi ma ya buɗe tasa. Dukansu biyu tambayarsu ɗaya ce: da jikka 300, wato sefa 300.000, me ya kamata a saya? Kuɗin nan ba na wasa ba ne, domin tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijar jikka 42 ne, ke nan ana maganar gumin wata bakwai cur na ƙaramin ma'aikaci.

Yaro zai kawo shawarar da ya gani a YouTube, cewa a zuba rabin kuɗin a katin hoto, wanda masu gyara ke kira kart girafik. Masu wannan shawara ba ƙarya suke yi ba, sai dai suna zaune ne a Faransa ko Amurka, inda ake yin shekara wuta ba ta ƙifta ba. Wutar jihar Maraɗi kuwa da ta Damagaram daga Nijeriya take zuwa, ta layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. Ba a manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka shiga rabon kuran na sa'o'i ƙalilan, har sai da CEDEAO ta janye takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024. Ko a lokacin zaman lafiya, wuta kan ɗauke ta dawo da ƙarfi fiye da kima, kuma dawowar nan ita ce ke kashe na'ura.

Don haka abu na farko da mai hankali zai ware wa kuɗi shi ne akwatin raba wuta da ke cikin kwamfuta, wato alimantasiyon. Kasuwa cike take da marasa suna masu araha, an rubuta musu wat 500 a jiki, alhali kuwa in aka ɗauka a hannu ba su fi gwangwanin madara nauyi ba. Irin waɗannan in za su mutu ba su cika mutuwa su kaɗai ba, sukan tafi da babban allon na'ura da katin hoton da aka sha wahala aka saya. A nemi mai ɗauke da alamar 80 Plus daga kamfanin da aka sani, kamar Corsair, Seasonic ko Cooler Master. Wat 500 zuwa 550 na gaskiya sun wadatar da na'urar mai ƙaramin ƙarfi. Sai kuma ondilar, mai riƙe wuta idan an ɗauke. A nan akwai tarko: lambar da ke jikinta VA ce, ba wat ba, kuma mai VA 650 abin da take iya ɗauka bai cika wuce wat 360 zuwa 390 ba. Aikinta ta ba da ƴan mintocin da za a kashe na'ura cikin natsuwa. Wanda ya ce zai ƙarasa wasan ƙarshe a kanta, batirinta zai ƙarasa.

Bayan haka ne ake zuwa ga katin hoto, kuma shi ma da ma'aunin wuta ya kamata a auna shi. GTX 1650 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2019, wat 75 yake ci, galibinsu ma ba sa buƙatar wata wayar wuta ta daban. RX 6600 na AMD, na shekarar 2021, ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, yana cin wat 132. Tsohon RX 580 na 2017, wanda ya fi kowanne yawa a gwanjo, wat 185 yake sha, ga zafi. Ga mai rumfar wasa da zai kunna na'ura huɗu a kan ƙaramin janareta, wannan bambanci man fetur ne da za a riƙa saya kullum.

Yawan RX 580 a gwanjo yana da tarihi. Shekaru da dama masu haƙar kuɗin intanet sun yi ta jera irin waɗannan katuna ɗaruruwa a ɗaki guda, suna aiki dare da rana ba hutu. A watan Satumban 2022 tsarin Ethereum ya sauya salo, haƙa da katin hoto ta daina biya, sai aka kwashe su aka watsa a kasuwannin duniya. Wasunsu da sauran rai, wasu fankarsu ta gaji. Akwai kuma na jabu, musamman masu sunan GTX 1050 Ti, waɗanda a cikinsu tsohon kati ne aka sauya wa suna. Maganin duka biyun guda ne: kada a biya sai an sa katin a na'ura a gaban mai saye, an duba shi da manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, an kuma bar wasa yana gudana kamar rabin sa'a. Mai shagon da ya ce ba shi da lokacin wannan gwaji, ya riga ya ba da amsa.

Game da ƙwaƙwalwar na'ura, wato furosesa, yaudarar da ta fi kama ma'aikata ita ce kalmar Core i7. Mai sayarwa ya faɗe ta da ƙarfi, mai saye ya ji kamar an ce masa Marsandi. To, Marsandin wace shekara? Lambar da ke biye da sunan ita ce ke faɗin zamani: i7-3770 na 2012 ne, kuma ƙaramin i3-12100 na 2022 ya fi shi gudu. Wannan ya ƙara muhimmanci tun ranar 14 ga Oktoban 2025, da Microsoft ya daina kula da Windows 10, domin Windows 11 a ƙa'ida ba ta karɓar furosesan Intel da ke ƙasa da zamani na 8. Tsofaffin na'urorin ofis na Dell OptiPlex da HP da ake kwasowa daga Turai suna da ƙarko, kuma mai i5-8500 in aka ƙara masa GTX 1650 zai buga ƙwallo lafiya lau. Sai a lura, masu siririn akwati gajeren kati kawai suke ɗauka, kuma akwatin wutarsu ƙarami ne, ba kowane ake iya musanya shi da shi ba.

Wanda ya fi son sabo amma aljihu bai kai ba, akwai Ryzen 5 5600G na AMD, mai ɗauke da nasa ɗan katin hoto a ciki. Zai ɗauki wasanni masu sauƙi a bana, in Allah ya hore baɗi a ƙara kati. Sai dai yana son RAM guda biyu masu giga 8 kowanne, maimakon guda ɗaya mai 16, domin biyun tare suke aiki kamar shanun huɗa. Farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2025, saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun wawashe abin da masana'antu ke fitarwa, don haka giga 16 sun isa, babu dalilin kwaɗayin 32. Ma'ajiya kuwa SSD za a saya, ko da mai giga 500 ne.

Ina za a saya? Hanya a buɗe take daga Ɗan Isa zuwa Jibiya, Katsina, har Kano, inda titin Beirut ya yi suna da kayan lantarki. Faɗuwar naira tun Yunin 2023 ta sa mai riƙe da sefa yana jin kansa attajiri, amma kayan kwamfuta da dala ake shigo da su, farashinsu na bin dala duk inda ta nufa. A haɗa da kuɗin mota da na duwan, sannan a tuna cewa iyakar nan an rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, an sake rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris ɗin 2024. Katin da ya mutu bayan mako biyu, takardar garantinsa tana Kano, mai shi yana Madarumfa. Shagon Maraɗi, ko da ya ɗora jikka biyar ko goma, tafiyar kilomita ashirin da ƴan kai ce, ana iya zuwa a yi cacar baki a dawo kafin azahar.

Saura zafi da ƙura. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da ƙurar da ke toshe fanka. Akwatin gilashi mai fitilu kala-kala, wanda yaro zai fi nuna wa yatsa, shi ne ya fi riƙe zafi. Mai raga a gaba da fanka biyu ya fi shi araha, ya fi shi shan iska. A ɗora na'ura bisa tebur, kada a ajiye ta a ƙasa, a busa mata ƙura duk wata a lokacin hunturu, kuma ba a lulluɓe ta da zane sai bayan an kashe ta ta huce.

Akwai wata tambaya da uba ya kamata ya yi tun kafin a je kasuwa. Idan ƙwallo kaɗai yaro ke so, PlayStation 4 ta hannu za ta biya buƙata da kuɗin da bai kai haka ba, ta haɗu da talabijin ɗin da ke falo. Kwamfuta tana cin kuɗinta ne idan da safe za a buga takardun ofis ko lissafin shago a kanta, da rana ƙanwa ta koyi Excel, da dare kuma, bayan an duba cewa batirin ondilar ya cika, a bar wa yaro sa'arsa biyu.