Kai Iyali Ƙauye Lokacin Hutu: Halal Ne, Amma Nauyin Yana Kan Wa?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, a 'yan shekarun nan wata al'ada tana ƙara ƙarfi tsakanin ma'aikata da 'yan kasuwar birnin Kano, wato idan makarantu sun yi hutu sai maigida ya cika mota da mata da yara, a ƙetare gadar Wudil, a nufi Gaya ko Ajingi, wai a je a sha iskar ƙauye. Masu karatu da dama sun tambaye mu ko wannan yawo yana da gurbi a addini, ko kuwa kwaikwayon Turawa ne kawai.

Amsar farko mai sauƙi ce. Fita da iyali domin shaƙatawa halal ne, har mutum ya sami lada idan niyya ta gyaru. Ya tabbata cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a cikin tafiya, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa yakan fita zuwa Ƙuba kowace Asabar, wata rana a ƙasa, wata rana bisa abin hawa. Balle kuma Gaya, garin da labarin kakanni ya ce daga cikinsa ne maƙeran nan Abagayawa suka tashi suka je Dala neman tama. Bakanon da ya kai ɗansa can, ai asali ya nuna masa. Yaron da ya tashi a Tarauni ko Hotoro bai san bambancin gero da dawa a gona ba, lalle yana da abin koyo.

To, amma a nan ne muka rabu da Turawa. Bature a Ingila ko Faransa, in zai kai iyalinsa karkara, ɗan gida yake kamawa haya, ko wata tanti da aka ƙawata da gado da wuta, ya biya kuɗinsa, ya sayi abincinsa, ya tafi ba wanda ya ɗauki nauyinsa. Mu kuwa ba mu biyan ko kwabo, gidan baffa ko na gwaggo muke sauka. Wannan ya fi nasu albarka, domin akwai sada zumunci a ciki. Sai dai kowane hutu akwai mai biyansa, kuma a namu tsarin mai masauki ne yake biya.

A duba lokacin da ake zuwa. Dogon hutu yana faɗowa daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, wato tsakiyar marka, sa'ad da hatsin bara ya kai gindin rumbu, sabo kuwa bai shigo gida ba. A wannan lokaci ne mutum goma sha biyu za su sauka a gidan manomi a Kademi ko Toranke ba tare da sanarwa ba. Shi kuwa mutumin ƙauye kunya ba ta barinsa ya ce babu. Zai yanka zakaran da ya rage, matarsa ta tashi da asuba ta kama daka, wataƙila ya ciwo bashin shinkafa don an ce yaran birni ba su cin tuwon dawa da miyar kuka. Baƙi su koma gida suna yabon karamcin mutanen ƙauye, alhali an bar shi da bashi har kaka. Shari'a ta iyakance wannan al'amari. Hadisin da ke cikin Buhari da Muslim ya sanya liyafa kwana uku, abin da ya wuce haka sadaka ne, ya kuma hana baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida. A ganinmu, wanda Allah ya hore masa mota da man zuwa Gaya, ya hore masa buhun shinkafa da galan na mai. Ya aika da su gaba, ya sanar da ranar zuwansa, kada kuma ya mayar da matan gidan kuyangin matansa.

Sai gona. Yara suna ganin gyaɗa da masara da tumu a bakin hanya sai su ɗauka na kowa ne, iyaye na kallo suna dariya suna ɗaukar hoto da waya. Dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da yardarsa, ko da zangarniya ɗaya ce, kuma shirun da manomi ya yi don ganin girman babbar riga ba yarda ba ce. Haka nan inuwar da mutane suke hutawa, da hanya, da mashaya, an hana ɓata su da bayan gida. Ledoji da robobin da ake watsarwa bayan an ci an sha, waɗanda awaki ke haɗiya su mutu, muna ganin sun shiga ƙarƙashin wannan hani.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ruwa. Kogin da ya ratso ta Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja yana cika maƙil a watan Agusta, kuma a 2022 ambaliya ta rushe ɗaruruwan gidaje a Ajingi. Ɗan birni bai san inda ƙasa take zaftarewa ba, bai san zurfin kududdufi ba. Kanawa ba su manta da abin da ya faru a yammacin jihar ba, a Bagwai, cikin Nuwamba 2021, inda jirgin ruwa ya kife da mutane a dam ɗin Watari, akasarinsu ɗaliban Islamiyya, aka rasa rayuka masu yawa. Yara amana ne. Uban da ya zauna hira a zaure ya bar su suka bi sa'o'insu bakin kogi, za a tambaye shi. Wanda yake da zaɓi, ya jinkirta zuwa hutun Disamba, lokacin da amfanin gona ya shigo, ruwa ya janye.

Game da masu tambayar ƙasaru: a mazhabar Imamu Malik ba a rage salla sai tafiya ta kai baridi 4, wato mil 48, kimanin kilomita 80, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid. Daga birnin Kano zuwa Gaya bai kai haka ba, saboda haka azahar da la'asar da lisha raka'a huɗu-huɗu ne. Wanda ya taso daga Kaduna ko Abuja zai yi ƙasaru a hanya, amma idan ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku, ko kuwa yana da mata a garin, sai ya cika sallarsa da zarar ya shiga. Allah ne mafi sani.

Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu duba hukuncin zakkar amfanin gonar da ɗan birni ya ba ɗan'uwansa na ƙauye ya noma masa.